Giyar Shinkafa da Tukwanen Kakata

Wata abokiyar aikina 'yar Japan ce ta kai ni gidan abincinsu a Alexandria bayan mun tashi daga asibiti. Aka kawo giyar shinkafarsu da suke kira saké, mai sanyi da mai ɗumi, a ƙoƙon tangaran da bai wuce murfin kwalba ba. Ta ce mai sanyin, mai ƙamshin kankana, da ɗanyen kifi ake shanta. Mai ɗumin kuwa sai da gasasshiyar kaza. Da na kai mai ɗumin hanci, tsamin jiƙaƙƙen hatsi ya mayar da ni gidan kakata a kudancin Kaduna.

Burukutu take dafawa. Bayan girbi tsakar gidan kan cika da dawar da aka shanya ta yi tsiro, manyan tukwane suna tafasa, hayaƙi yana sa mu hawaye. Ita ma tana da ƙa'ida. Sabuwa mai zaƙi, da dafaffiyar gyaɗa take bayarwa. Wadda ta kwana ta yi tsami, sai da romon akuya mai barkono. In ka nemi akasin haka, ta hana ka.

Ina shekara sha huɗu na dawo hutu daga makarantar kwana, kaina cike da wa'azi. Lokacin tsufa ya fara dushe mata ɗanɗano. Wata ranar kasuwa ta miƙo mini ludayi.

"Ƙawata, taɓa mini da harshe. Nawa ya daina gaya mini gaskiya."

A gaban tsofaffin da ke zaune na ce ba zan taɓa kayan zunubi ba. Ta dubi ludayin, ta mayar cikin tukunya. Dahuwar nan ta lalace, ta gaba ma haka. Kafin damina ta kife tukwanen a bayan rumbu. Ba ta sake roƙona komai ba har ta rasu.

Ba giyar nake wa kuka ba, ku gane. Tsohuwa ce ta nemi aron harshe wurin jikarta.

Abokiyar tawa ta daɗe tana ba ni labarin kakanta, wanda ya yi wannan sana'a, har yadda yake wanke shinkafa ta sani. Sannan ta tambaye ni yadda ake yin tamu. Na buɗe baki, na tarar ban san kwana nawa ake jiƙa dawar ba. A gida kuma, waɗanda zan tambaya duk sun kwanta dama.