Makahon da Aka Bari Yana Magana

A gidanmu na Roni, in an gama roron gyaɗa, Iya, kakarmu ta wajen uba, kan sa a hura mata wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan magariba. A lokacin yanar ido ta riga ta hana ta gani. 'Yar malami ce, shi ya sa labaranta na mutanen ƙasar Larabawa ne, irin waɗanda ta ji mahaifinta yana fassarawa daga littattafai.

Ta taɓa ba mu labarin wani makaho a Basra da ya haddace waƙoƙin mutanen da. Attajirai kan gayyace shi walima, su ja masa baiti ɗaya, ya ƙarasa, su yi ta mamaki. Wata rana yana tsakiyar doguwar ƙasida aka yafito baƙi su shiga cin abinci. Suka zame ɗaya bayan ɗaya don kada su katse shi. Ya yi ta rerawa har mai shara ta shigo, ta ce, "Malam, ai ba kowa." Ya ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "An jima." Ya lalubi sandarsa.

Na ce, "Me ya yi musu, Iya?"

Ta ce, "Me zai yi musu, Hajara? Gida ya tafi. Ba wulaƙanci suka nufa ba, nauyinsa suka ji."

Ba a daɗe ba aka yi biki a unguwarmu. Iya na ba da labari, kalangu na tashi a dandali. Yara suka sulale, saura ni. Na riƙe takalmana a hannu na bi su. Da na dawo ɗaukar mayafina, na same ta tana ta magana. Ta ce, "Ko ba haka ba, Hajara?" Na maƙale jikin rumbu, kunya ta hana ni amsawa. Ta saurara, ta miƙa hannu ta shafa tabarmar da muke zama a kai, ta ji ba kowa, sannan ta mayar da shi cinyarta. Har ta rasu ba ta tayar da zancen ba.

Yanzu Larabci nake koyarwa a Kazaure. Na karanta labarin makafi da yawa a tsofaffin littattafai, masu kaifin hadda, masu kaifin harshe, har da waɗanda ake yi wa dariya. Na Iya ne ban gamu da shi ba. Ina zaton ba a wurin mahaifinta ta ji shi ba. Roƙonmu take yi kada mu bar ta tana magana ita kaɗai, yadda babba zai iya roƙon yara, ni kuwa na ɗauka labari ne.