Ƙofar Gidan Kwaɗi Ba Ta da Makulli

Duk wanda ya saba shigowa jami'armu da sassafe ya san kukan keken Daeng Nompo. Tun daga bakin titi ake jin sarƙarsa, ga damin ganyen zomaye ɗaure a baya, ga gwangwanin gyare yana lilo a gaba. Daga masallaci yake, ko kofi bai sha ba. Sai ya zaga bayan Sashen Nazarin Dabbobi, inda wani ɗan gini mai rufin kwano yake a gindin mangwaro. A takarda sunansa gidan dabbobin gwaji. Mu dai gidan kwaɗi muke ce masa, ko da yake akwai fararen ɓeraye da zomaye da tantabaru a ciki.

Kafin ya zare sakatar katakon da ke ƙofar, yakan rusuna, ya sauke hannun dama zuwa gwiwa, yadda kowane ɗan garinmu na Makassar mai tarbiyya yake yi idan zai gifta gaban babba, ya ce, "Tabe." Izini yake nema. Haka yake yi in zai sauya wa kwaɗi ruwa, haka yake yi in zai ɗauki ɗaya ya kai ɗakin gwaji, inda ba zai dawo ba. Sababbin ɗalibai kan toshe baki suna dariya. Shi kuwa sai ya dube su ya ce, "Ku yi dariyarku. Sun riga ku shigowa jami'a, kuma ba su taɓa faɗuwa jarrabawa ba."

Ƙarshen wannan wata Daeng zai ajiye aiki. Ya fara shi tun ba a haifi ɗaliban da ke ajina yanzu ba. Ni nake koyar da 'yan shekarar farko yadda cikin dabba yake, kuma babu darasina ko ɗaya da ya yiwu ba tare da hannunsa ba. Shi yake kiwon kwaɗin nan tun suna ƙwai, shi yake ba su maganin da zai ɗauke su ba tare da wahala ba, shi yake jera su a faranti, shi kuma yake binne abin da ya rage a bayan gini bayan kowa ya watse. Sunansa ba ya kan takardar shaidar kowa. Abubuwan da zan iya faɗa a kansa suna da yawa, amma guda ɗaya zan kawo, domin a kan idona aka yi shi.

Wata Litinin ce cikin damina, ranar da 'yan ajin farko za su yi jarrabawar feɗe kwaɗo. Na zo da wuri in duba shiri, sai na tarar da Daeng tsaye a tsakiyar gidan, hannuwa a baya. Tankunan siminti duk babu kwaɗo ko ɗaya. Wahalar wata da watanni ta tafi.

Na ce, "Daeng, sata aka yi mana?"

Ya nuna min wani bokiti a gefe. "Pak," in ji shi, wato malam, "ka taɓa ganin ɓarawon da ya gama sata ya wanke bokiti ya kife shi? Wannan ɗan gidan mutunci ne. Zo mu je tafki."

Tun kafin mu isa tafkin da ke bayan filin ƙwallo muka hango fari fat, kamar an shanya wanki. Balbelu ne, sun cika bakin ruwa. A tsakiyarsu ga wata yarinya cikin taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya a hannu, tana kora tana kuka. In ta kori na gabas, na yamma su sauka. Tenri ce, ɗalibata, 'yar wani masassaƙin jiragen ruwa daga kudu, ta farko a danginsu da ta taka jami'a. Ita ce ta shiga da yammacin Lahadi ta kwashe kwaɗin ta sake su. Da safe ta dawo ta ga yadda suke more 'yanci, sai ta tarar ana karin kumallo da su. Kwaɗon da ya tashi a tanki bai san inuwar tsuntsu ba. Shi a saninsa, duk abin da ya leƙo daga sama abinci ya kawo.

Daeng bai ɗaga murya ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ruwan, ya tsaya kusa da ita.

"Nak," in ji shi, haka yake kiran kowane ɗalibi, kamar ɗan da ya haifa, "da takalmi ɗaya za ki yaƙi wannan runduna?"

Ta ce, "Daeng, ceton su na zo yi. Kakata ta ce kukan kwaɗo tasbihi ne. Yaya zan sa masa wuƙa?"

"Ni ma haka tawa kakar ta ce. Shi ya sa kike ganin ina neman izininsu, shi ya sa kuma ba na yarda ko ɗaya ya tafi a banza. Dubi can." Ya nuna wata balbela da ƙafar kwaɗo ke reto a bakinta. "Wancan ya tafi, kuma babu wanda ya koyi komai sai ita. Share hawayenki ki riƙe min buhu. Waɗanda suka rage suna jiran mu."

Har rana ta take suna lalube a cikin ciyawa. Abin da suka samo bai kai rabin rabi ba. Aka ɗage jarrabawa, ɗalibai suka fusata, kafin azahar kuma Tenri ta sami sabon suna. Duk inda ta gifta sai ka ji, "Uwar Kwaɗi, ga mu nan a kulle a aji tun safe, ki zo ki sake mu mana." Wani ya ce, "A'a, ni kada ki sake ni, na ga abin da ya sami na farko."

Washegari shugaban sashe na lokacin, Farfesa Mappiasse, ya kira mu. Mutum ne mai adalci, kuma gaskiya tana wajensa: an ɓata kayan jami'a, an ɓata wa aji guda jarrabawa, doka kuma kora ta ce. Tenri tana zaune a bencin waje, ta san in aka kore ta, motar yamma za ta hau zuwa gida, ta je ta tsaya gaban uban da ya tara dangi ya yi walima ranar da aka ɗauke ta. A kan teburin Farfesa akwai sabon kwaɗon ƙarfe na kulle ƙofa, ko ledarsa ba a cire ba.

Ya tura wa Daeng shi ya ce, "Daga yau ka riƙa kulle gidan nan."

Daeng ya rusuna, amma bai miƙa hannu ba. "Farfesa, a gafarce ni. In na kulle, yaran nan ba za su ƙara ganin dabbobin ba sai a faranti. Wanda bai ga kwaɗo yana numfashi ba, me zai gane in ya buɗe cikinsa? Ita kuma yarinyar, ku ba ni ita."

"In ba ka ita ka yi me da ita? Ta ƙarasa maka zomaye?"

"Waɗanda suke yanka suna dariya sun fi ba ni tsoro. Wannan tausayi gare ta, sai dai bai san hanya ba. Ku bar ta ta yi kiwo tare da ni."

Farfesa ya daɗe yana juya biro. Sannan ya ce, "To, ga sharaɗi. Ƙarshen zango za ta feɗe kwaɗo da hannunta, ita kaɗai, a gaban malaminta. In ta kasa, ta tafi, kai kuma ka karɓi wannan." Ya mayar da makullin cikin aljihun tebur.

Daeng, kai ne ka sa ƙofarka da mutuncinka a kan yarinyar da ta rushe maka aikin damina guda. Kai ne ba ka taɓa yi mata gori ba, ko da wasa. Mai sanyin hannu, uban marasa baki. Mu malamai muna koyar da sunan kowace jijiya, kai kuwa kana koyar da yadda ake taɓa ta.

Daga ranar Tenri ta zama mai riga kowa zuwa. Ta wanke tanki, ta kama gyare, ta tsince ƙwan da ya lalace daga mai kyau. Ta ga wutsiyar 'ya'yan kwaɗi tana ɓacewa, ƙafafu suna fitowa. Wani lokaci in na wuce nakan same su a gindin mangwaro suna cin gasasshiyar ayaba da ruwan sukari, yana tambayarta, "Wancan na lungu me ya same shi?" Ta ce, "Bai ci abinci ba tun jiya, fatarsa kuma ta dushe." Ya ce, "To, kin fara gani." Bai taɓa ce mata ta daina tausayi ba. Abin da yake nanata mata shi ne kada hannunta ya yi gaggawa, kada kuma ya yi shakka, domin duka biyun ɓarna suke jawowa.

Ranar sharaɗi ta zo. Ɗakin gwaji babu kowa sai ni da ita. Daeng ya shigo da faranti a rufe da farin ƙyalle, ya ajiye, ya rusuna ya ce, "Tabe," ya juya zai fita, domin doka ba ta ba shi zama ba.

Tenri ta yaye ƙyallen ta tsaya cak. "Daeng, na lungu ne. Ni na yi jinyarsa."

Daga bakin ƙofa ya ce, "Na sani, Nak. Ba zan ba wa wanda bai san shi ba."

Ya fita. Ta ɗauki almakashi ta kai shi kan faranti, amma ba ta yanka ba. Agogo yana tafiya. Can sai ta ajiye almakashin, ta ja da baya, ta sauke hannun dama zuwa gwiwa, ta rusuna. Da ta ɗago, ta sake ɗaukar almakashin. Ta buɗe fata, ta ware nama, ta fito da zuciya da huhu da hanta ba tare da ta tsinka jijiya ko ɗaya ba, tana kiran sunan kowanne, hawaye na bin kumatunta, muryarta kuwa daram. Na daɗe ina wannan aiki, ban ga fiɗa mai tsabta irin ta ranar ba. Da ta gama ta naɗe shi da kanta, ta bi Daeng bayan gini suka binne.

Uwar Kwaɗi ba ta hau motar yamma ba. Yau ita ce Dakta Tenri, ofishinta yana kallon nawa. Rabin shekara tana cikin dazuzzukan kan duwatsu tana bin kwaɗin rafi, waɗanda suke ƙarewa saboda sare itatuwa, ta dawo ta tsaya gaban hukuma ta yi magana a madadinsu. Sunan tsokana ya zama na girma, har a ƙofarta ɗalibai suka manna shi. Duk shekara takan kai sababbin ɗalibai bakin tafki ta nuna musu balbelu, sannan ta kai su gidan kwaɗi ta damƙa wa Daeng.

Makon jiya muka yi masa ɗan taron ban kwana a gindin mangwaron nan, da shinkafa da gasasshen kifi. Jami'in da ke karɓar kayan aiki daga masu ritaya ya matso da ladabi ya ce, "Daeng, saura makullin gidan." Nan take dariya ta ɓarke. Sai ga Farfesa Mappiasse, wanda ya daɗe da barin aiki, ya taso yana dogara sanda, ya zaro wani abu daga aljihu. Kwaɗon ƙarfen nan ne, har yanzu a cikin ledarsa, ta yi ja don tsufa.

Ya ce, "Karɓi kayanka, mai taurin kai. Na gaji da ajiya."

Daeng ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi, ya ce, "Na gode, Farfesa. Wannan kwaɗon dai ba ya cin gyare. Zan ba keke." Dakta Tenri tana dariya tana goge ido da gefen mayafi.

Daeng Nompo, mun gode. Mun gode a madadin likitocin dabbobi da malaman makaranta da masu gadin daji da suka fara riƙe almakashi a kan farantin da ka jera. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta cikin jikokinka. Ku kuma da aka damƙa wa 'ya'yan mutane, ko a aji ko a wurin sana'a, idan yaro ya yi ɓarna da kyakkyawar zuciya, kafin ku nuna masa hanyar gida ku tuna da mutumin da ya naɗe wando ya shiga taɓo.

Jiya da safe na zaga bayan sashe. Ban ji kukan keke ba tukuna, amma na tarar da wata sabuwar ɗaliba a ƙofar gidan kwaɗi, ita kaɗai, ba ta san ana kallonta ba. Ta waiga dama da hagu, ta sauke hannu zuwa gwiwa, ta rusuna, sannan ta zare sakatar.