Ranar Da Na Ɗaga Wa Kakata Tsumagiya

Wata Laraba ce a daminar 1983, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, na dawo daga Islamiyya a guje, jiƙe sharkaf, na tarar da gidanmu na Tunga ya kaure da guɗa. Mata sun cika tsakar gida, ruwa na zuba daga bakin kwano cikin bokitai ba mai kula su. Ashe Babanmu ne ya samo wa mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, kujerar Makka. Na yi wurgi da jakata na shiga tsalle ina ihu, “Iya za ta hau jirgin sama!” Kowa na dariya, amma ita mai tafiyar murmushinta bai kai ido ba.

Iya 'yar Kuta ce, daga gidan manoman doya. Ta musulunta ne lokacin da ta auri kakanmu, ma'aikacin reluwe, ta biyo shi Minna. Ban taɓa ganin sallah ta wuce ta ba. Shi ya sa na yi mamaki da ta ja ni ɗakinta bayan baƙi sun watse, ta saki labule, ta rage murya. “Hadiza ƙawata, tahiyar nan da ake karantawa in an zauna a sallah, ni fa ban iya ba. Da ido na koyi sallah, kunya ta hana ni tambaya har na tsufa. Ba na so in je ɗakin Allah ina motsa baki kawai. Ki koya mini, amma in ubanki ya ji, ni da ke mun ɓata.”

Wayyo daɗi! Shekarata goma, ga ni da ɗaliba mai furfura! Tun daga ranar na daina tsayawa 'yar carafke da ƙawayena. Da na taso daga boko sai in ɗebo ruwa a famfo, in share tsakar gida, in wanke kwanuka kamar ana kora ta, sannan mu zagaya bayan madafa, wajen ɗan lambun kuɓewar Mamanmu, da sunan za mu fere doya. Nan nake faɗa tana maimaitawa. Yau ta riƙe layi biyu, gobe ɗaya ya gudu. In jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha sai ta tsaya tana saurare, duk abin da muka tara ya zube. Takan dafa kai ta ce, “Ƙwaƙwalwar nan ta zama kwando, ƙawata.”

Kwanaki na ta tafiya, ranar tashi na matsowa, mu kuwa ko rabi ba mu kai ba. Sai na zauna na yi tunani irin na yara: me malaminmu na Islamiyya yake da shi da ni ba ni da shi? Tsumagiya! Ban taɓa ganin ya ba da karatu ba sai da ita a hannu, a sama yake zama, mu muna ƙasa. Na ɗauka ta nan karatu yake shiga. Na karyo reshen darbejiya na zage ganyen, na kife turmi na ɗare, na sa Iya ta zauna a tabarma. Ita kuwa dariya ta yi ta biye mini. Ina tsawa, “Maimaita!” ina zabga wa ƙasa bulala kusa da ƙafarta, sai ga Babanmu ya dawo daga shagon ɗinkinsa ɗaukar almakashin da ya manta.

Har yau ina ganin fuskarsa. “Hadiza! Uwata kike ɗaga wa bulala?” Kafin in diro ya fizge tsumagiyar, ya damƙi hannuna. Kalma ɗaya za ta cece ni, amma na yi alkawari, sai na runtse ido ina jiran saukarta. Sai na ji Iya ta ce, “Kai, sake mini yarinya. Malamata ce.” Kanta a sunkuye, ta gaya masa abin da ta ɓoye tun kafin a haife shi.

Babanmu ya sulale ya zauna a ƙasa, ya cire hula. Mutumin da yake jan sallah a masallacin layinmu, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, “Iya, laifina ne, ban taɓa tambaya ba.” Ya juyo gare ni: “Ci gaba da karatunku, malama. Amma sauko daga turmin nan, ƙasa da ita za ki zauna.”

Daga nan karatu ya fito fili, ya zama na gida duka. Mamanmu na daka tana ja wa Iya baki, ƙannena na rerawa suna wanka. Da nauyin ɓoyo ya sauka daga ƙirjin Iya, sai ga karatu yana zama daram. Ana gobe za ta tafi ta karanta tahiya tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, Mamanmu ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na zagaye gidan a guje har ɗankwalina ya faɗi.

Na so in zama malamar makaranta, Allah bai nufa ba. Ina gama sakandare na yi aure. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, an gina shaguna a inda lambun yake. Yanzu karatu ya yawaita, yana cikin waya a hannun kowa, amma har gobe wata dattijuwa takan shigo gidana, ta jira yara su fita, ta matso kusa ta rage murya. Nakan shimfiɗa mana tabarma ɗaya, in ce, “Bismillah, Baba, mu fara.” Ni ma da furfura ta fara kama ni, yanzu na san nauyin tambayar nan a bakin babba.