Rigar da Na Saƙa wa Kwamfutar Maigidana

A shekarar da maigidana ya tafi ƙasar waje ƙaro karatu, abu ɗaya ya ba ni amana da bakinsa, wato kwamfutarsa. Bai ce in kula da gida ba, bai ce in kula da kaina ba. Wataƙila ya ɗauka waɗannan ba sai an faɗa ba. Amma kwamfutar, ana jibi zai tashi sai da ya zaunar da ni a gabanta ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai barin jinjiri a hannun maƙwabta.

A Samaru muke zaune lokacin, ɗaki biyu da falo, ba nisa da kasuwa. Shi yana koyarwa a jami'a, ni ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare ta coci. Aurenmu bai cika shekara biyu ba, kuma ba mu samu haihuwa ba tukuna.

Kwamfutar ba irin ta ofis ba ce. Da hannunsa ya haɗa ta, guntu-guntu, tun yana saurayi, domin wasannin gem. Baƙin akwati ne mai tsayi, gefe ɗaya duk gilashi, kana hango kayan cikinsa. A tsakiya akwai wani abu zagayayye kamar murfin gwangwanin madara, zaune a kan furosesa, wadda ya ce ita ce ƙwaƙwalwar kwamfutar. Tiyo biyu sun fito daga jikin abin sun hau sama zuwa wani ɗan lagireto irin na mota, kwance ƙarƙashin rufin akwatin tare da fankoki uku. Ruwa ne ke zagayawa a ciki. Ƙaramin famfo yana tura shi, ya kwaso zafin ƙwaƙwalwar ya kai sama, fankokin su hure. Ni dai ba wannan ne ya ɗauke mini hankali ba. Fitilun ne. Da zarar an kunna, zagayayyen abin nan da fankokin sai su kama da wani shuɗin haske mai laushi, yana ƙaruwa yana raguwa a hankali kamar numfashin mai barci.

Ya ce in riƙa kunna ta kowace Lahadi na awa ɗaya, domin famfon da ya daɗe a zaune yakan cije. Ya ce kada in buɗe akwatin, kada kuma in yi tunanin ƙara mata ruwa kamar mota, a rufe ruwan yake tun daga kamfani. Iyakar gargaɗin ke nan.

Da littattafan soyayya na taso, irin waɗanda ake ba da haya a kasuwa, yayata tana ɓoye su a ƙarƙashin katifa ni ina sacewa. A cikinsu duk wanda zai yi tafiya yakan bar wa masoyiyarsa zobe, ko hankici mai ƙamshin turarensa. Ni nawa akwati ya bar mini mai tiyo da fanka. Na ce ba komai, kowa da irin zobensa.

Ranar Lahadi yake kira, bayan an tashi sujada. Watannin farko mukan daɗe har waya ta yi zafi a kunne. Yana ba ni labarin sanyi da abincin da babu yaji, ina ba shi labarin ɗalibaina. Daga baya hirar ta fara tsukewa. Ya gaji, aiki ya yi yawa, yana da taro. Gaisuwa ta zama kamar ta maƙwabcin da aka haɗu da shi a bakin famfo. Abu ɗaya ne bai taɓa tsallakewa ba. Kafin ya ajiye waya sai ya ce, "Malama, ya mutuniyar? Ta tashi?" A nan ne kawai nake jin tsohuwar muryarsa, mai wasa a cikinta. Sai in ja amsar iya yadda zan iya, in ce ta tashi, ta yi miƙa, tana gaishe shi, ya yi dariya. Ban faɗa wa kowa ba, amma tsoro ya shige ni cewa ranar da babu wannan tambayar, babu abin da zai rage mana na faɗa, kuma kiran ma zai daina zuwa.

Daga Lahadi kawai na koma kunna ta kullum. In na dawo makaranta da rana tsaka, gidan shiru, sai in sauke labule in danna maɓalli. Ya bar mana sola, don haka ko ba a kawo wuta ba tana tashi. Akwai wani wasa da ya taɓa nuna mini yadda ake buɗewa. A ciki akwai mutumin da shi ya tsara da kansa, dogo, sanye da doguwar riga ruwan ƙasa, kuma inda ya bar shi ranar ƙarshe nan yake tsaye, a kan wani tudu, ya ba ni baya, ruwan sama na sauka, ciyayi na kaɗawa. Ban iya tafiyar da shi ba, ban ma so in iya ba. Haka nake barinsa tsaye awa uku, awa huɗu, ni ina gefe ina duba littattafan yara.

Wata rana mahaifiyata ta zo daga Palladan. Mama tsohuwar 'yar zumuntar mata ta coci ce, kuma a gidanta babu abu mai daraja da ke zama ba riga. Rediyo da rigarsa, talabijin da tasa, keken ɗinki, saman firji, har filas ɗin shayi, duk saƙar kwarashi ce ta hannunta. Haka na ga ana yi a gidajen ƙawayenta duka. Ta tsaya gaban kwamfutar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko wannan ne abin da mijina ya fi ji da shi. Na ce shi ne. Ta ce to me ya sa na bar shi tsirara kamar babu mace a gidan.

Maganar ta zauna mini. Washegari na sayo zaren ulu, ruwan madara da ruwan zuma, na ɗauko kwarashin da rabona da shi tun ina sakandare. Mako uku ina saƙa. Na yi ta ninki biyu don ta yi kauri ta daɗe, ta rufe sama da gaba da baya da ɗaya gefen, na bar gilashin kawai a buɗe kamar taga, na zagaye shi da ƙananan furanni. Da na saka mata, ta zauna ɗas. Ban gaya masa ba. Na ajiye ne ya zama abin da zai fara gani ranar da ya dawo, har na tsara a raina yadda zai tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu.

Tun daga ranar hasken ya canja. Yakan fara da shuɗinsa, in mutumin nan ya ɗan jima a kan tudu sai ya koma kore, sannan ruwan lemo, sannan ja. Ja sosai, irin na garwashi. Ban taɓa ganin ta yi haka ba a gaban maigidana. Fankokin ma suka ƙara murya. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma abin da na gaya wa kaina shi ne ta ji daɗin rigar. Falon yakan rine da jan haske har kan farin takardun da nake dubawa, in na ɗora tafin hannu a kan saƙar sai in ji ɗumi kamar kafaɗar mutum. Akwai ranakun da na jingina kumatuna a wurin. Bazara ce, garin kamar tanda, ina gumi, amma ban matsa ba. Wannan jan hasken ma na ɓoye masa, na haɗa shi da rigar cikin abin da zai tarar.

Haka muka cinye bazarar. Sai ta fara wani ƙara kamar mai kurkure baki. Bayan kwanaki ya koma kaf-kaf-kaf. Wata Alhamis ina tsaka da duba jarrabawa komai ya ɗauke. Na sake kunnawa, ta tashi, kafin in zauna ta mutu. Na gwada har na gaji.

Ranar Lahadi ya yi tambayarsa, na ce lafiyarta ƙalau. Ƙarya ta farko ke nan da na taɓa yi masa, kuma ban iya ƙawata ta ba. Bai lura ba.

Wani malami abokin aikina ya kwatanta mini shagon wata mata a Sabon Gari, ya ce duk garin babu wanda ya kai ta sanin irin waɗannan kwamfutoci. Ranar Asabar na naɗe akwatin da zane, da rigarsa a jiki, na rungume shi a cinya cikin keke napep. Duk ramin da muka faɗa tsakanin Palladan da Kwangila sai na ji shi a ƙirjina.

Shagon ƙarami ne, tsakanin mai sayar da batir da mai ɗinkin labule. Matar ta girme ni sosai, gajeriya, da tabarau rataye a wuya. Iyayenta daga kudu suka zo, ita a Sabon Gari aka haife ta, shagon ma na gyaran rediyon babanta ne ta gada. Na same ta tana faɗa da wani da Turancin kasuwa, ta juyo kaina da Hausa tas. Na kwance zanen. Ba ta kalli gilashin ba, rigar ta kama da yatsu biyu tana murzawa.

"Wa ya saƙa wannan?"

Na ce ni ce.

"Hannunki na da kyau. In za ki kunna, cirewa kike yi?"

Na ce a'a, ai don kada in riƙa cirewa na bar mata taga.

Ta saka tabarau ta dube ni da kyau. "Ƙanwata, ke in aka rufa miki bargo biyu a watan azabar zafi aka ce ki yi ta gudu, kwana nawa za ki yi?"

Ta zare rigar ta nuna mini ƙananan ramukan da ke rufin akwatin. Ta nan zafin ke fita, ta gaba kuma iska ke shiga, ni na toshe duka biyun. Ruwan ya yi ta zagayawa da zafinsa ba inda zai sauke, a hankali ya ragu, iska ta shiga famfo, famfon ya mutu. Na ce amma ai fitilun ba su taɓa yin kyau irin na watannin nan ba. Sai ta yi dariya har da dafa tebur, ta ce mai kwamfutar ne ya saita launin ya riƙa bin zafi, shuɗi lafiya, ja kuwa ihu take yi mini a kawo ɗauki. Da ta ga fuskata ta daina dariyar, ta jawo mini kujera, ta aika aka kawo zoɓo mai sanyi.

Ta ce ƙwaƙwalwar ta tsira, don takan kashe kanta kafin ta ƙone. Na'urar ruwan ce ta tafi. Za ta iya saka fanka zalla a ranar, mara fitila, ko a yi odar wata ta ruwa daga Legas, amma samun irin wannan sak zai yi wuya. Na tambaye ta ko akwai yadda za a yi mai ita bai gane ba. Ta ce mutumin da ya ɗaura kowane noti da hannunsa, ko da ido rufe zai gane. Shawararta in faɗa masa, zai yi faɗa, faɗan zai wuce. Da zan fita ta miƙo mini rigar, ta ce in na samu lokaci in saƙa mata irinta, amma ta butar shayi.

Na bar kwamfutar a can. A gida teburin ya zama fili, sai wayoyi a zube.

Na shirya wa faɗansa kamar yadda ake shirya wa baƙo. Gaskiya ma ɗokinsa nake yi. A littattafan da na karanta, namiji ba ya fushi sai a kan abin da ya dame shi, kuma na daɗe ban ji wani abu na gidan nan ya dame shi ba. Da ya kira ban jira tambayar ba. Na faɗa masa komai, da zuwan Mama, da ulu, da jan hasken, da ƙaryar makon jiya.

Dariya ya yi, doguwa, mai daɗi, ba ƙeta a ciki. Ya ce rigar kwarashi, shi ko a mafarki bai kawo wannan ba. Sannan ya ce kada in sa wa kaina damuwa, dama ta tsufa. In ce wa matar ta sayar, ko in ba wani. Ya haɗa wata a can tun watannin baya, ta fi wannan nesa ba kusa ba.

Na san nauyin akwatin nan, jiya-jiya na ɗauke shi a cinyata. Wanda ke shirin komowa gida ba ya haɗa irinsa a ɗakin haya na wata ƙasa. Na tambaye shi maganar dawowa, ya ce akwai wani aiki da ake yi masa tayi bayan karatun, za mu zauna mu yi magana in abin ya tabbata.

Na ce, "To me ya sa kake tambayata ita duk mako?"

Ya ce, "Na ga kamar kina jin daɗin tambayar ne, Malama."

Ba wanda ya ajiye waya. A cikin shirun na fara jin wani siririn sauti daga ɓangarensa, mai tafiya a daidai ba ya hawa ba ya sauka, na gane fankoki ne ke juyawa kusa da shi. Na saurara na daɗe.

"Kina nan?" in ji shi.

Na ce ina nan.