Zanen Ƙusa a Bangon Ɗakin Ajiya

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Ƙararrawa yana kaɗa wa makarantar nan ƙarfe, bai taɓa ɗaura agogo ba. Agogonsa bangon ɗakin ajiya ne. Inuwar rufin kwano takan bi jikin bangon a hankali, shi kuwa duk inda ta kai a lokacin hutu ko tashi, sai ya karta da ƙusa. Na damina daban, na rani daban. Bango ya koma kamar inda kaji suka yi tono.

Biyu daga cikin zanen ba na makaranta ba ne, sun kuma fi sauran zurfi. Ɗaya inda inuwa take ranar da aka zo aka ce masa matarsa ta haihu. Ɗayan na ranar da aka kira shi asibiti, bai iske ta da rai ba. Idan yara suna aji, yakan zauna a benci ya zuba wa inuwar ido, har ya ji kamar marigayiyar tana shanya a bayansa tana yi masa tsiya: "Malam, kowa na kallon gabansa, kai kana kallon bango."

Sai aka kawo sola. Aka jera farantai a kan rufi, malamar kimiyya ta samu abin koyarwa: yara su kashe fanka, su ruga su duba mita, su ga wutar da suka rage. Hedimasta ya ce za a sa ƙararrawa mai kaɗa kanta, Baba ya koma tsaron ƙofa. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ranar Asabar za a shafe bangon da siminti, a kafa akwatin batir. Shi kuwa bai iya roƙo ba.

Ranar Alhamis malamar ta fito da 'yan ajinta, ta same shi yana bin zanen da yatsa.

"Baba, wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Mai ɓarnar ne a gabanki, 'yata."

Ya nuna mata yadda inuwar hutu take matsawa wata bayan wata, ta je ta dawo. Malamar ta riƙe baki.

"Wata uku ina zana musu tafiyar rana a allo suna hamma, ashe littafin yana nan!"

Ta garzaya wurin hedimasta, amma bakin alƙalami ya bushe, an riga an ja wayoyi. Sai ta dawo ta zaunar da yara arba'in a ƙasa, kowa da fensir, ta ce su kwafe bangon a littattafansu, kada a bar ko zane ɗaya.

Asabar aka shafe bango. Litinin Baba yana bakin ƙofa, ya ƙi ko waiwayawa wajen, sai wata yarinya ta miƙo masa littafinta.

"Kaka, duba ko na yi daidai. Waɗannan biyun malama ba ta san na mene ne ba, amma duk mun danna fensir sosai, yadda ka yi."

Baba ya ɗora yatsa a kan na biyun, hawaye ya cika masa ido. Sabuwar ƙararrawa ta kaɗa kanta a lokacin, bai ma ji ba.