Manhajar da Ba Ta Tashi Sai Ta Cika

Ana saura kwana biyu walimar saukar Alƙur'ani a makarantarmu ta Aboabo, na rubuta 'yar manhaja da za ta riƙa fitar da sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. A kwamfutata tana aiki lafiya lau. Da na haɗa ta da wata manhajar mai nuna sunayen a babban allo, ta hanyar da muke kira bututu, sai allon ya zauna wayam. Sai da na gama zagin kwamfutar tas, sannan sunayen suka zubo gaba ɗaya.

Babana, tsohon direban motar hayar da muke kira trotro a tashar Sofoline, yana kan tabarma yana shan koko. Na zazzage masa bayani cikin fushi, ba don ina zaton zai gane ba.

Ya ajiye kofin ya tuntsire da dariya. "'Yata, ai wannan motar tasha ce. Ba ta tashi sai ta cika."

Wallahi haka abin yake. In da allo take magana kai tsaye, layi-layi manhaja take saki. In bututu ne, tarawa take yi har ma'ajiyarta ta cika ko aikin ya ƙare. Na ƙara umarni ɗaya: kowane suna, tura shi nan take.

Ranar walima sunaye suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, mata suna ta guɗa. Baba kuwa yana bin baƙi yana cewa, "Ni na gyara mata injin."

Har yau ban ƙaryata shi ba.