Na'urar da Na Haɗa wa Kawu a Shetimari

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ranin da na haɗa wa kawuna na'urar tsaron injin ban-ruwa ba zai fita daga raina ba.

Na dawo Difa daga karatun lantarki, na tarar ciwon ƙafar Kawu ya yi tsanani, ƴaƴansa kuwa duk sun tafi ci-rani. Lambunsa na tattasai yana Shetimari, a bakin kogin Komadugu. Idan ruwa ya ja baya inji ya zuƙi iska, ƙonewa yake yi, sai da mai tsaro. Na ce masa, “Kawu, zan haɗa abin da zai riƙa kashe shi da kansa.”

Ya ce, “Ɗana, kai ka san wannan. Ni dai kada tattasan nan ya mutu.”

Na sayo ƴar ƙwaƙwalwar lantarki daga Maiduguri, ba ta kai ɗan yatsa ba. Na ɗora mata komai: ƙirga juyin farfelar da na sa a bututu, nuna adadi a gilashi, kashe inji. Tana cikin wani aikin sai ƙirgen ya kuɓuce mata, ta kashe inji alhali ruwa na gudu. A duk garin ba ni da wanda zan yi wa wannan zance. Abokaina a kasuwa suke, in na fara bayani sai su yi dariya su miƙo min shayi. Har yau ina jin shirun ɗakin da nake aikin a ciki.

Ina ta bin littafinta shafi-shafi na gane ashe a cikinta akwai wani ɗan sashe da ke iya ƙirga shi kaɗai. Na tsara shi, na bar masa ƙirgen, ba ya taɓo ƙwaƙwalwar sai farfela ta tsaya.

Ranar gwaji Kawu yana kwance asibiti. Ni kaɗai a lambu na ɗago tiyo daga kogi, inji ya yi tsit. Na yi ihu, na waiga, ba kowa sai kunyoyin tattasai.

Na hau babur har gadonsa, ina ta zuba bayani. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Sun sha ruwa?”

Na ce, “Sun sha, Kawu.”

Ya ce, “Madalla. Allah ya yi maka albarka.” Ya juya ya yi barci.

A ranar na ji zafi ƙwarai. Sai da na girma na gane ba dole ne wanda ka yi wa aiki ya fahimci wahalarka ba. In ya samu barci saboda kai, ya isa.